Hutun dogon zango a Zanzibar da ƙananan yara: Kendwa ko Paje?

Maman Hanan, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar da iyali. Maigidana ya shekara 3 bai ɗauki hutu ba, bana kuma Allah ya sa hutunsa ya faɗo daidai da hutun dogon zango na yara, shi ya sa muka tsayar da shawarar yin kwana 10 a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na bakin teku a watan Agusta. Yaranmu uku ne: Hanan mai shekara 7, ƙanenta mai shekara 4, sai auta wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, ni kaina iyakacina madatsar ruwa ta Tiga.

Kamfanin da ke shirya mana tafiyar ya kawo mana otal biyu masu kuɗi kusan ɗaya, guda a Kendwa, guda a Paje, a hoto kuwa ba za ka iya bambance su ba, ko'ina farin rairayi ne da shuɗin ruwa. Wanne ya fi dacewa da mai ƙananan yara? Sannan, shin ya fi kyau mu biya kuɗin da ya haɗa kwana da ci da sha gaba ɗaya, ko mu tsaya a kan kwana da karin kumallo? Na kuma ga an rubuta cewa otal ɗin yana da sashen kula da yara, shin abu ne da uwa za ta iya sakin jiki da shi? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Uwani, Kaduna

Wa alaikumus salam, Maman Hanan. Mun je bara da jikokina biyu da mahaifiyarsu, kuma mun kwana a ɓangarorin biyu, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani. Hoto ba ya nuna abin da ya raba wuraren nan, domin bambancin a cikar teku da janyewarsa yake. Paje tana gabashin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, inda gaɓar take shimfiɗe kamar faranti har zuwa duwatsun murjani da ke can nesa. Sau biyu a kowace rana ruwan yakan cika ya kuma janye, idan ya janye kuwa sai ki ga ya yi nisan da ba za ki so ki taka shi da goyo ba. Ranar da muka sauka, yaran sun kwana da ɗokin shiga ruwa, da safe muka fito da tawul da bokitin wasa, muka tarar babu teku a inda muka bar shi jiya, sai fili mai danshi da mata 'yan ƙauyen sun duƙufa a gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku. Ƙaramin ya dube ni ya ce, “Hajiya, wa ya kwashe ruwan?”

Lokacin cikar ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yakan yi jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Ke da kike da yarinyar da ke da lokacin barci da lokacin cin abinci, za ki ga sau da yawa ruwan ya cika daidai lokacin da take barcin rana. Ban da haka, watan Agusta lokacin iskar kudu ne da mutanen can ke kira kusi, kuma gabashin ne take bugawa kai tsaye, shi ya sa Paje ta zama matattarar masu wasan da iska ke jan su a kan ruwa da wata babbar lema. Abin kallo ne, amma bakin ruwan nasu ne a wannan lokaci, ba na ɗan shekara 4 ba.

Kendwa tana arewa maso yamma, kusa da Nungwi. A can gaɓar tana da gangara, ruwa ba ya yin nisa ko ya janye, ana iya shiga kusan kowane lokaci, kuma rana tana faɗuwa a gabanki cikin teku. Sai dai wannan gangarar da ta sa wurin ya yi daɗi ita ce kuma abin tsoro, domin taku kaɗan yaro zai yi ruwa ya kai masa wuya. Duk da haka, da ni ce ke, Kendwa zan ɗauka, in tambayi otal ɗin tun kafin in biya ko ɗakin yana nesa da wuraren kiɗa, saboda yankin ya yi suna da shagalin dare, musamman idan wata ya cika.

Game da sashen kula da yara, kada ki ɗora lissafinki a kansa. A inda muka sauka ba sa karɓar yaron da bai kai shekara 4 ba sai da babba a tare da shi, mai raino kuma kuɗinta daban ne, ana biya da awa. Hanan za ta ji daɗinsa, ƙanenta wataƙila ya yi kwana biyu yana maƙale da zanenki kafin ya saba, auta kuwa tana hannunki daga farko har ƙarshe.

Baban Sadik, Abuja

Hajiya ta gama magana a kan zaɓin wuri, ba ni da abin ƙarawa. Ni inda nake da ja shi ne batun kwana 10 a otal ɗaya da kuma biyan kuɗin ci da sha gaba ɗaya. Mun yi hakan sau ɗaya, kuma na fahimci cewa kaso mai tsoka na wannan kuɗin giya aka lissafa a ciki, mu da ba ma sha sai muka zama muna tallafa wa masu sha. Shawarata ita ce ku ɗauki tsarin karin kumallo da abincin dare, da rana kuwa yara ba sa cin wani abin kirki idan suna wasa, 'ya'yan itatuwa da soyayyen dankali da gasasshen kifi sun wadatar. Yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne, saboda haka nama ba abin damuwa ba ne a gari, amma a manyan otal-otal masu baƙi daga Turai akan ajiye naman alade a gefe guda wajen karin kumallo, sai a lura da abin da yara ke miƙa hannu su ɗauka.

Kwana 10 kuma suna da yawa ga wanda ba zai fita daga harabar otal ba. Daga rana ta biyar za ku ga abinci ya fara maimaita kansa. Ku ware kwana biyu na ƙarshe ku koma tsohon birni, wato Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Yana kusa da filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, alhali daga Kendwa tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota, ba kuwa za ku so ku yi ta da asuba da yara uku da akwatuna kuna fargabar rasa jirgi ba. Da yamma ku je lambun Forodhani inda ake baje kolin abinci a bakin ruwa. Lungunan birnin matsattsu ne, keken tura jarirai wahala kawai zai ba ku, zanen goyo ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Sai batun takardu, wanda shi ne ya fi ɓata wa mutanenmu tafiya. Zanzibar ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya, don haka ku nemi bizar Tanzaniya ta intanet tun da sauran lokaci, kowane yaro da tasa, kada ku dogara da cewa za a buga muku a filin jirgi. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya taso daga Najeriya. Haka kuma tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babba, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar daga gida. Mu ta Addis Ababa muka bi da jirgin Ethiopian Airlines, wanda yake tashi daga Kano ma, don haka ba sai kun zo Abuja ba. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa 2, abin da ya isa ya rikita barcin ƙaramar yarinya na kwana ɗaya ko biyu. Kada kuma a cusa ledoji a kaya, domin Tanzaniya ta haramta su tun shekarar 2019.

Anti Nas, Zariya

'Yar'uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma abu ɗaya nake so in jaddada, ko da zai yi kama da tsoratarwa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya kuma fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim; shiru yake yi, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ake rasa shi. Ni tekun bai fi ba ni tsoro ba, domin kowa yana shakkarsa. Wurin ninƙaya na cikin otal shi ne wanda ake rainawa, yana nan kusa da teburin cin abinci, babu shinge, iyaye kuma kowa yana zaton ɗayan ne ke kallo. Tsadar otal ba ta nufin akwai mai ceto a tsaye a kowane lokaci. Ku yi ƙa'ida ke da maigida: wanda ke kan duba yara ya ajiye waya, kuma ba ya tashi sai ya faɗa da baki cewa ya miƙa wa ɗayan. Auta da mai shekara 4 kada su wuce inda hannu zai kai gare su. Robar da ake hurawa a sa wa yaro a damtse abin wasa ce, ba ta maye gurbin rigar kariya daga nutsewa, wadda ya kamata ku saya daidai jikinsu tun daga gida, musamman idan za ku hau kwalekwale zuwa tsibirin Changuu kallon manyan kunkuru. Idan an yi muku tayin ɗaki mai ɗan wurin ninƙaya a ƙofarsa, ku ce kun gode, ku karɓi wanda ba shi da shi.

Zanzibar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka Agusta lokacin sanyinsu ne da rani, iska tana kaɗawa, mutum ba ya jin zafin rana sai ta gama aikinta. Baƙar fata ma tana ƙonewa, ga kuma farin rairayi yana mayar da haske. A shafa musu man kariya daga rana, a sa musu hula, a shigar da su inuwa daga hantsi zuwa bayan azahar, a kuma yi ta ba su ruwan gora ko ba su nema ba. Ku sayi takalman roba masu rufe ƙafa, domin akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya tsakanin duwatsu, ƙayarta kuma karyewa take yi a cikin tafin ƙafa. Ku tafi da farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, da ma'aunin zafin jiki, da famfas mai isarku, ku kuma tabbata gadon jaririyar ma yana cikin gidan sauro. Idan ba ku taɓa ba su jatan lande ko ƙaguwa ba, a fara da kaɗan kuma da rana, ba da dare ba.

Maman Hanan, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida duka, mun tsaya a kan Kendwa kwana 8, tsohon birni kwana 2, kuma ɗakin da ya fi burge shi a hoto shi ne mai wurin ninƙaya a ƙofa, yanzu ya haƙura da shi. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya: yaya kuka yi da sutura da salla? Ba na son in je in zama 'yar kallo a gefe, ba na kuma son in ji kunyar kaina a gaban 'ya'yana.

Hajiya Uwani, Kaduna

Ki kwantar da hankalinki, 'yata. 'Yar tawa da doguwar rigar ninƙaya mai haɗe da wando da ɗankwali ta shiga ruwa, babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta, domin matan garin da ke aiki a otal ɗin su ma da lulluɓinsu suke. Ki dai aika musu saƙo tun yanzu su tabbatar miki a rubuce cewa ana shiga wurin ninƙayarsu da irin wannan rigar, kuma ki sayi mai yadi mara shan ruwa, domin atamfa idan ta jiƙe nauyi take yi ta manne a jiki. Abin da zai fi damun ki shi ne shigar sauran baƙi, wadda ba ki da iko a kanta, kuma Hanan ta kai shekarun da za ta yi tambaya, gara ki tanadi amsarki tun daga gida. Mu da sassafe muke fita, bayan an yi asuba an sha shayi, lokacin bakin ruwan babu kowa sai masunta da ke dawowa da jiragensu masu filafilai, sai mu koma kafin wuri ya cika, mu sake fitowa bayan la'asar.

Salla kuwa, akwai masallatai a ƙauyen Nungwi, maigida zai iya zuwa Juma'a a can, sai ya tambayi ma'aikatan otal ɗin lokacin da ake tayarwa. Ki ɗauki dardumarki, kuma kada ki yi kuskuren da na yi a daren farko. Mun iso a gajiye, na lura da inda rana ta faɗi, na ba shi baya yadda muka saba, na yi magariba da isha. Da safe yarinyar da ke gyara ɗaki ta ga yadda na shimfiɗa dardumar, ta yi murmushi, ta juya ta da hannunta. Ashe Makka tana arewa da Zanzibar ne kusan sak, don haka idan kika tsaya a bakin ruwan Kendwa kina kallon faɗuwar rana, alƙibla tana hannunki na dama.