Wai "ya durƙushe" da "yana tangal-tangal" duk ɗaya ne?

Malam Sabo: 'Yan jarida sun ɗauki wata ɗabi'a da ke damuna. Ciniki ya ɗan ragu wa kamfani, ma'aikata na zuwa aiki, ana biyan albashi, sai ka ji an ce "ya durƙushe". Kuskure ne. Wanda ya durƙushe ya riga ya kai ƙasa. Wannan tangal-tangal yake yi, bai faɗi ba tukuna.

Hadiza: Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Mai durƙuso ai yana iya miƙewa. Ba Hausawa ne suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne?

Malam Sabo: 'Yata, kin haɗa biyu. Karin maganar "durƙusa" ta ce. Mutum shi ke durƙusawa da ganin damarsa, ya gaida babba, ya tashi. Amma wasalin "e" na ƙarshe yakan nuna abu ya kai maƙura: ƙona da ƙone, fasa da fashe. Masana nahawu na sa irin waɗannan a aji na 4 na aikatau. Wanda ya durƙushe, ƙafafu ne suka kasa ɗaukarsa, kamar raƙumin da kaya ya fi ƙarfinsa.

Hadiza: To "na same shi yana durƙushe gaban mahaifinsa" fa? Shi ma kaya ne ya danne shi?

Malam Sabo: Wannan yanayin zamansa kike faɗa, shi ya sa kika ce "yana". Sauya shi da "ya" ki ji yadda maganar ta yi nauyi.

Garba: Ni ina bayan Malam, don abin ya wuce nahawu. Mai hannun jari ya ji "durƙushe", gwiwarsa ta yi sanyi, gobe ya janye kuɗinsa. Alhali kalmomi na nan birjik. Aiki na tafiyar hawainiya, rikici na lafawa, murya na dusashewa, mutum kuma ya sare in zuciyarsa ta karaya.

Hadiza: Yaya Garba, ai masu saurare sun saba, sun san zuzutawa ce.

Garba: To ranar da kamfanin ya rufe da gaske, ƙanwata, wace kalma za su yi amfani da ita?

Hadiza: Sai su ce ya mutu murus. Amma Malam, har yanzu ina ganin wanda ya durƙushe yana da sauran numfashi.