Gwajin sabon maganin gyambon hanji a kan yara: a yarda ko a ƙi?

Baffa Sule: Na ji wai a Turai da Amurka ana gwada sabbin magungunan gyambon babban hanji a kan yara. Ni dai ina nan kan bakana, yaro ba abin gwaji ba ne. Ku da ba a haife ku ba a 1996, ku tambaya. Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 200, 11 suka rasu, wasu suka kurmance. Sai 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Habu mai kemis: Baffa, ba wanda ya manta. Amma abin da ya fi ciwo a wancan shi ne iyaye sun ce ba a faɗa musu gwaji ba ne. Yanzu sai NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike sun amince, uba ko uwa su sa hannu, yaron ma in ya yi wayo a tambaye shi.

Baffa Sule: Sa hannu? Mutumin da zai dangwala yatsa a takardar Turanci?

Habu mai kemis: Nan kam ka kama ni.

Maman Ummi: Ku bari mai ciwo a gida ta yi magana. Shekara biyu muna cewa atini ne, wasu su ce basir. Flagyl, jiƙo, sassaƙe, ba wanda Ummi ba ta sha ba. Sau takwas take zagayawa a dare, jini da majina, ni ke riƙe mata fitila da buta. Daga Ringim har birni muka je aka saka mata kyamara ta dubura kafin a gane gyambon hanji ne. Maganin Prednisolone ya tsayar da jinin, amma fuskarta ta yi suntum, ƙanwarta ta kere ta tsawo. Baffa, in ba a gwada a kan yara ba, da wane awo za a ba ta?

Habu mai kemis: Da kintace, Yaya. A gutsuro na manya. Allurar Infliximab an amince wa manya masu wannan ciwon a Amurka a 2005, yara sai 2011. Shekara shida suna jira.

Malama Hadiza: To in gwajin ya ƙare fa? Allurar da sai mai hali, wa zai ci gaba da saya wa Ummi? A nan nawa tsoron yake.

Maman Ummi: Shi zan fara tambaya. Kuma sai an karanta min takardar da Hausa, gaban mahaifinta.

Baffa Sule: Ranar ki kira ni, 'yar nan. Ni ma ina da tambayoyi, kuma ba zan tashi da wuri ba.