Yadda za a sabunta MediaWiki ba tare da rasa gyare-gyaren cikin gida ba

MaiKulaDaShafi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. An damƙa mini kula da shafin wata ƙungiya wanda ke aiki da MediaWiki, manhajar gina shafukan wiki, siga 1.35, kuma ana so in ɗaga shi zuwa 1.43. Abin da ya tsayar da ni shi ne wanda ya riƙe shafin kafin ni ya taɓa wasu daga cikin fayilolin asali na manhajar, musamman ɓangaren shiga da na fasalin shafi, kuma bai bar rubutaccen bayani kan abin da ya canza ba. Idan na zuba sababbin fayiloli a kan tsofaffin, aikinsa zai shafe, idan kuma na bar shafin haka, ya zauna babu gyaran tsaro. Wace hanya ce ta fi aminci?

Injiniya_Sabar:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ɗauki kwafin fayilolin gaba ɗaya da na rumbun bayanan, ka kuma gwada mayar da kwafin a wata na'ura, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba ba abin dogaro ba ce. Bayan haka sai ka sauko da sigar 1.35 daga tushe, daidai lambar da shafinka ke kai har ƙaramar lambar ƙarshe, ka kwatanta ta da foldarka da umarnin diff, wanda ke nuna bambancin da ke tsakanin fayiloli. Duk layin da ya bambanta, aikin wancan mutumin ne, ka ga ke nan ka samu bayanin da bai rubuta ba. Na fi son yin wannan da Git, manhajar bibiyar canje-canjen da ake yi wa fayiloli: ka ajiye sigar asali a reshe ɗaya, gyare-gyaren a wani reshe, sannan ka shigo da sabuwar siga ka haɗe su, Git zai nuna maka wuraren da suka ci karo. Kada ka zuba sabuwar siga a kan tsohuwa. Ka buɗe ta a sabuwar folda, ka kwaso LocalSettings.php, wato fayil ɗin saitunan shafin, da foldar images zuwa cikinta, saboda ragowar tsofaffin fayiloli kan jawo kurakuran da ke da wuyar ganowa.

Hajiya_Kod:
Na yarda da Injiniya wajen gano abin da aka canza, amma ban goyi bayan a sake liƙa gyare-gyaren a cikin sababbin fayilolin asali ba. Tsakanin 1.35 ta 2020 da 1.43 ta 2024 an sake rubuta sassa da yawa, don haka layin da aka gyara a da wataƙila babu shi yanzu, kuma ko haɗin ya yi nasara, wahalar za ta dawo a sabuntawa ta gaba. Shawarata ita ce ka bi jerin bambance-bambancen ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi masu shafin ko har yanzu suna bukatar kowanne, domin sau da yawa za ka tarar sabuwar siga ta riga ta zo da abin. Gyaran launi da tsari ka mayar da shi shafin MediaWiki:Common.css, wanda ke zaune a rumbun bayanai, sabunta fayiloli ba ya taɓa shi. Abin da ya shafi aikin manhajar kuwa, MediaWiki tana da ƙugiyoyin da aka tanada domin a rataya ƙarin aiki daga waje, sai ka rubuta ƙaramin ƙari naka a foldar extensions. Aikin ya fi tsawo a karon farko, amma daga nan fayilolin asali za su zauna yadda suka zo.

Injiniya_Sabar:
Gaskiya ne, Hajiya. Wani abu kuma: 1.43 ba ta aiki sai da siga 8.1 ko sama ta PHP, harshen da aka rubuta MediaWiki da shi, don haka a duba sabar tun yanzu, a kuma sauko da sigar kowane ƙari da ta dace da 1.43. Sai an gama wannan za a gudanar da update.php, fayil ɗin da ke daidaita rumbun bayanai da sabuwar siga, kuma a kan kwafin gwaji tukuna, domin canjin da yake yi wa rumbun bayanai ba ya komawa baya sai da ajiya.

MaiKulaDaShafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi kwatancen, kuma yawancin bambance-bambancen na fasali ne, waɗanda zan mayar Common.css. Wanda ya rage shi ne na ɓangaren shiga, inda aka hana rajista ga wanda adireshin imel ɗinsa ba na ƙungiyar ba ne. Hajiya, shin wannan ma ƙari zan rubuta masa, ko kuwa ya fi sauƙi in rufe rajista a LocalSettings.php in riƙa buɗe wa mutane asusu da kaina?