Tsohon batir da baƙin mai a Kumasi: me doka ta ce?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Mai sana'ar kondem da ke sayen tsofaffin batiran mota da baƙin mai a hannun makanikan Suwame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, ya tara a shago kafin ya sayar, sai ya nemi izinin EPA, hukumar kare muhalli ta Gana, ko takardar asambili, wato ƙaramar hukuma, ta wadatar? Sannan wasu masu saye ba sa karɓar batir sai an zubar da ruwansa. Akwai laifi a nan?

Alhajin Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Takardar asambili ta buɗe shago ce kawai. A 2016 Gana ta kafa doka mai lamba 917 a kan shara mai guba da tarkacen kayan lantarki, tare da ƙa'idojinta, L.I. 2250, waɗanda suka fayyace abin da ake kira shara mai haɗari. Batir mai dalma da baƙin mai duk suna ciki, don haka tara su, ajiye su da jigilarsu na buƙatar izinin hukumar muhalli. A 2025 an fito da sabuwar dokar muhalli mai lamba 1124 da ta maye gurbin ta 1994 da kuma mai lamba 917 ɗin, saboda haka ka je ofishinsu na yankin Ashanti ka karɓi fom ɗin da ake aiki da shi yanzu, kada ka kwafi na maƙwabci. Za su so sanin inda shagon yake, abin da kake tarawa da kuma wanda kake sayar wa. Wannan na ƙarshe ne ke kayar da mutane, domin in mai sayenka ba shi da lasisi, naka ma da wuya.

Fitar da kaya waje kuma wata magana ce daban. Gana na cikin yarjejeniyar Basel ta 1989 a kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, kuma a ƙarƙashinta kwantenar tsohon batir ba ta barin tashar jirgin ruwa ta Tema sai ƙasar da za a kai wa ta amince a rubuce.

Malama Rabi:
Alhaji ya gama da takardu, bari in tsaya a kan ruwan batir, don nan ɓarnar take. Mai saye yana son busasshen batir ne don kada ya biya kuɗin nauyin ruwa, shi ke nan dalilinsa. Amma ruwan nan asid ne, kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ɗauke yake da dalma da ta narke daga farantan ciki. In aka tuntsurar da shi a kwata, asid ɗin zai tafi da ruwan sama, dalma kuwa ta zauna a ƙasa shekara da shekaru, yara su kwasa a hannu su kai baki. Ba a manta Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Batir a sayar da shi cikakke, da ruwansa da murafunsa. A jera shi a tsaye a kan katako, ƙarƙashin rumfa, a kan daɓen siminti. Kada a wuce hawa uku, a sa kwali mai kauri tsakanin hawa da hawa don kada kawunan su haɗu su yi tartsatsi. Wanda ya fashe a sa shi shi kaɗai a bokitin roba mai murfi, ban da na ƙarfe, asid zai cinye shi. In ya zuba a ƙasa a barbaɗa farar ƙasa ko soda har ya daina kumfa, sannan a kwashe. In ya taɓa ido ko fata, ruwa mai yawa na minti 15, sai asibiti. Narka dalma a bayan shago kuwa a bar shi gaba ɗaya: tana narkewa a digiri 327, wutar gawayi ma ta isa, shi ya sa ake raina ta, amma hayaƙinta da ƙurarta ke shiga jini.

Masta Suwame:
Gaskiya ne, Malama, sai dai a faɗi ɗaya gefen. Ƙaramin ɗan kondem in ya ƙi zubar da ruwan, na kusa da shi zai zubar ya karɓe cinikin. Matsi ya kamata ya hau kan manyan masu saye. Rushe kasuwar kondem ta Agbogbloshie a Akara a 2021 bai hana ƙona wayoyin wuta ba, watsa masu yi kawai ya yi zuwa wasu unguwanni.

Baƙin mai ya fi sauƙi. Duro mai lita 200 mai marfi, a rubuta masa suna, a kewaye shi da ɗan gini da zai iya riƙe duk abin da ke ciki in ya huje. Kada a haɗa shi da fetur, man birki ko ruwan lagireto, don gaurayayyen mai ba ya tatuwa, masu tacewa za su ƙi shi. Filta a kife ta kwana guda ta tsane. Man tiransifoma kuma kada ya kusanci duron, tsofaffin na iya ɗauke da PCB, wani sinadari mai guba.

Alhajin Asawase:
Ƙari ɗaya, ɗana: duk kayan da ya fita a rubuta rana, adadi, lambar mota da sunan kamfanin da ya karɓa, a riƙe rasit. In jami'ai suka zo duba shago, da shi za ka nuna inda kayanka suka tafi.