Wardin Dimashƙ: ɗan gida ne a Sham ko baƙo?

Alhaji Garba Mai Turare: Jama'a, wai yanzu har wardin Dimashƙ ake cewa ba daga Sham ya fito ba. To daga ina? A 2019 UNESCO ta sa noman wardi na ƙauyen Al-Mrah da ke Siriya cikin al'adun gargajiya na duniya. Wace shaida ake nema kuma?

Zainab: Alhaji, UNESCO ta yaba wa sana'ar mutanen ƙauyen ne, yadda suke tsinka da yadda suke tatsar ruwansa. Ba ta ce can aka fara ganin furen ba.

Malam Nasiru: Gaskiyar Zainab. A shekarar 2000 wasu masana a Japan sun binciki ƙwayoyin halittarsa, suka tarar ruwa-uku ne. Wardin jeji iri uku ne suka yi barbara aka same shi: Rosa gallica, Rosa moschata da Rosa fedtschenkoana. Wannan na ukun a tsaunukan tsakiyar Asiya yake tsirowa, wajen Kirgistan da Tajikistan, ba ya fitowa a Sham. Dole haɗuwar ta auku inda iyayen za su iya kusantar juna, shi ya sa masana da dama suke karkata ga gabas, tsakanin Iran da tsakiyar Asiya. Turawa dai a hannun mutanen Sham suka san shi, sai suka laƙaba masa sunan birnin.

Alhaji Garba Mai Turare: Malam, ko yaro aka haifa a wani gari, ai inda ya girma nan ake kiransa da shi.

Malam Nasiru: In wurin girma ake bi, Alhaji, Iraniyawa za su riga ka. Je ka Ƙamsar kusa da Kashan a watan Mayu ka ga tukwanen tagulla a kan wuta ana tatsar ruwan wardi, gari guda ba shi da wani aiki. Man wardin da kamfanonin turare ke saye kuwa, mafi yawansa daga Kazanlak ta Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya yake zuwa.

Hajiya Rabi: Ku yi ta yi. Ni dai na Ɗa'if na sani, wanda ake haɗa ruwansa da zamzam a wanke ɗakin Ka'aba. Da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta ɗauke ƙamshin.

Zainab: Hajiya, shi ma jinsin na Dimashƙ ne.

Ibrahim: Duk kun manta da Sin. Wardin da ake sayarwa ɗauri-ɗauri yanzu, wanda Kenya ke nomawa a Naivasha tana lodawa jirgi zuwa Holan, halin yin fure a kai a kai daga wardin Sin ya gado shi. A ƙarshen ƙarni na 18 aka kai shi Turai, aka yi ta haɗa shi da nasu, har a 1867 wani manomin furanni mai suna Guillot ya fito da sabon irin wardi da ake kira La France a Faransa. Na turare galibi sau ɗaya yake fure a shekara, makonni kaɗan an gama.

Alhaji Garba Mai Turare: Wancan na kallo ne, Ibrahim. Shinshina shi ka ji ko akwai abin da za ka zuba a kwalba.

Ibrahim: Wannan kam na yarda.

Alhaji Garba Mai Turare: Malam Nasiru, har yanzu ba ka faɗi sunan gari ɗaya da aka tabbatar can ne mahaifarsa ba.

Malam Nasiru: Gari ɗaya kam babu, Alhaji. Ɗan Adam bai shirya barbarar ba balle ya rubuta ranar. Abin da binciken ya nuna shi ne ɗaya daga cikin iyayen ba ɗan Sham ba ne.