Kwamfutar wasan da na haɗa tana ɗaukar zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka mini. Da hannuna na haɗa kwamfutar nan. Wasa yakan fara sumul, firam (wato hotuna) 120 a daƙiƙa, bayan minti 10 sai ya faɗo 40, hoto yana sarƙewa. Zafin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) yana kaiwa digiri 95, na katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoton wasan) bai wuce 70 ba, fankoki kuwa sai ƙugi suke.

Na share ƙura, na sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da na'urorin cikin kwamfutar), na sake shafa man sanyaya furosesa, duk a banza. Abin da ya ɗaure mini kai: in na cire murfin gefe, zafin yakan sauka zuwa 80. Ko na juya fankokin gaba ne, suna fitar da iska maimakon jawo ta? Ta yaya zan gane?