Musayar Waƙa: Tsarabar Lampedusa

Mai Kyamara

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyar na yi a Lampedusa, ga tsarabata tare da hotuna. Mai baiti ya amsa mini.

Da sunan Mai sama, Mai ƙasa,
Na saɓi jaka sai Lampedusa.
Jirgin ruwa muka hau daga Sisili,
Dare guda yana gurnani kafin mu isa.
Ɗan tsibiri ne shimfiɗe kamar faifai,
Farin dutse ne da rana ta gasa.
Tutar Italiya ke kaɗawa a tasha,
Amma Tunisiya ce kusa, Roma na nesa.
Rairayin Zomaye na sauka da hantsi,
Ruwa garai-garai, kana hangen ƙasa.
Kwalekwale kamar an rataye shi a iska,
Inuwarsa kwance can ƙarƙashinsa.
Kififiyar teku nan take binne ƙwanta,
An kewaye wurin, masu gadi ba sa wasa.
Na ɗauki hoto ya fi ɗari uku,
Batir ne ya gaji kafin in ƙosa.
Da magariba na zauna a titin Via Roma,
Ga kuskus, ga kifin da aka gasa.

'Yar Damagaram

Sannu da hanya, Yaya. Amma fa ina da magana.

Ka sha tafiya, ka zubar da kuɗi,
Hoton ruwa kawai ka kawo mana tsaraba?
Ka ce Rairayin Zomaye sunan wurin,
Na duba kaf, ko kunnen zomo ban gani ba.
Shuɗin nan kuwa ina tantama,
Rantse mini ba a waya ka ƙara masa ba.
Marinar Ƙofar Mata da duk shekarunta,
Ba ta taɓa fid da irin wannan baba ba.

Mai Kyamara

Ƙanwata, ban ƙara masa komai ba,
Farin yashi ne ƙarƙashin ruwa marar zurfi.
Na ɗaura wa kyamara baƙin gilashi,
Irin wanda ke kashe wa ruwa ƙyalli.
Na hau tudu na jira rana ta take,
Gumi na zuba, babu bishiyar kirki.
Zomo kuwa ni ma ban gan shi ba,
Sai tsuntsun teku da ya sace mini burodi.

Malam Mai Taswira

Ni waƙa ba gonata ba ce, ku yi haƙuri da ƙafar baitin.

Ku ba malami wuri ya buɗe taswira,
Tsibirin nan yana bisa doron dutsen Afirka.
Kilomita 113 ne zuwa gaɓar Tunisiya,
Zuwa Sisili 205, babu shakka.
Girmansa murabba'in kilomita 20,
Mazauna wajen 6,000 ne duka-duka.
A Satumban 2023, cikin kwana biyu,
Sun fi 'yan garin yawa, baƙin hauren da suka sauka.

Baba na Agadas

Ɗana, hotunanka sun yi kyau, Allah ya yi albarka. Tunda Malam ya taɓo baƙi, bari tsoho ya sa baki.

Kai ka ga shuɗi, ni makara na gani,
Kowa da irin sanin da ya yi wa ruwa.
Shekara goma ina sayar da jarka a tasha,
Ga samari masu haye Tenere da ƙishirwa.
Daga nan Dirku, daga Dirku Sabha,
Daga Sabha bakin teku, in da sauran rayuwa.
Da dokar Nijar ta 2015 ta hana lodi a fili,
Sai direbobi suka bi inda ba rijiya, ba kowa.
Ranar 3 ga Oktoba, 2013,
Dab da tsibirin Zomayenka jirgi ya zo wucewa.
Daga Misrata ta Libiya suka taso, yawanci 'yan Eritiriya,
Inji ya tsaya, ga fitilun gari suna haskawa.
Suka kunna wa bargo wuta don a hango su,
Wutar ta ci gaba, ta ƙi kasuwa.
Suka ruga gefe guda baki ɗaya,
Jirgi ya kife, masu iyo ba su da yawa.
Rai 368 suka tafi a safiyar nan,
A ruwan da ka ce har ƙasa ana hangowa.
Ɗan ƙanena ya bi sawunsu daga baya,
Shekara shida ke nan, ba kira, ba dawowa.
Uwarsa ta hana a yi masa sadakar uku,
Ta ce ba ta zaman makoki sai ta ga gawa.

Mai Kyamara

Allah ya bayyana shi, Baba. Akwai hotunan da ban sa ba, akwai kuma wanda ban ɗauka ba.

Baba, ban runtse ido na wuce ba,
Na je Ƙofar Turai da faɗuwar rana.
Ƙofa ce tsaye, ba ɗaki, ba katanga,
Tun 2008 take kallon teku don a tuna.
Na ga jiragen katako jibge kamar itacen girki,
Rubutun Larabci a jikinsu, na karanta da idona.
Na shiga maƙabartar garin da la'asar,
Ga kaburburan baƙi, babu suna.
A gaban coci na haɗu da wani yaro,
Silifa a ƙafa, leɓe duk ƙuna.
Ya ji ina waya da Hausa, ya tsaya cak,
Ya ce, "Yaya, daga ina?" Muka zauna.
Na ɗaga kyamara, ya tare da tafin hannu,
Ya ce, "Kada hoton nan ya kai ga Inna."
Aron waya ya roƙa, minti biyu,
Guɗar da aka yi daga can har yau tana kunnena.

'Yar Damagaram

Na janye tsiyata, Yaya, ka kyauta,
Wanda teku ya tuɓe, a bar masa mutunci.
Da ka watsa shi duniya ta yi kallo,
Da ya sha ruwan gishiri ya ƙara da ɗaci.

Baba na Agadas

'Yata, ke kunyarsa kike dubawa,
Ni ko cikin tsumma yake, a ba ni hoto.
Uwar da ta shekara shida tana gadin waya,
Ina ruwanta da silifa? Ta dai ga yaro.
Ɗana, zan tambaye ka, kada ka ji nauyi,
Dogo ne? Ƙafar hagu da tsohon ciwo?
In ya yi dariya akwai wushirya?
Faɗa mini gaskiya, na gaji da zato.

Mai Kyamara

Gajere ne, Baba, bai kai ashirin ba,
Daga Kumasi ya ce, can cikin Zango.
Ba ya ɗingishi, wushirya ban gani ba,
Don bai yi dariya ba har na taso.
Hoton kaburburan yana nan a ajiye,
In kana so, ka ce in turo.

Baba na Agadas

Turo, amma ni kaɗai. Ba zan nuna wa uwarsa ba.